Littafin shafa kala na manya: kewar wa ke ciki, kuma da me za mu shafa a wannan zafin namu?

Duk mai leƙa TikTok ko status na WhatsApp kwanakin nan ya san abin da nake nufi. Za ka ga hannun babbar mace, wani lokacin har da zobe da lalle, ta buɗe littafi mai zane baƙi da fari tana bin shi da kala a hankali, ba magana ba waƙa sai ƙarar fensir kan takarda. Abin ya iso mu nan Garwa da Marwa da Ngaundere, har Kuseri da Njamena ana tambaya a kantin littattafai, kuma tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne: wai wannan ba aikin yara bane? da gaske yana kwantar da hankali ko dai talla ce kawai? wane littafi zan saya, wace kala zan saya? Toh bari mu bi abin daki-daki, dan maganar ta fi yadda ake ganinta faɗi.

Na farko dai maganar kunya, dan ita ce ke hana mutane da yawa, musamman maza. Babba da kai, da gemunka, ka zauna kana shafa kala sai ka ce ɗan matarnel. Ni wannan maganar bata kama ni ba ko kaɗan. Ka tuna dattijon da ke zaune a zaure yana ɗinkin hula ko aikin wuyan babbar riga, ai sau da yawa ba shi ya zana ba, wani ne ya zana masa a jikin yadin, aska takwas ko dagi ko wani fasali, shi kuma nasa shine ya bi layi ya cike da zare, yau kaɗan gobe kaɗan har wata ya zagayo. Waye ya taɓa ce masa yana wasan yara? Haka matan da ke zanen ƙwarya, haka mai saƙar faifai tana jera kaba mai ja da mai baƙi, haka almajirin da ya zauna yana yi wa allon sauka zayyana. Hannu na maimaita abu ɗaya, ido na kan layi, zuciya ta samu wurin zama. Mu mun daɗe da sanin wannan, abin da ya zo sabo kawai shine takarda da fensir.

Su Turawa ma abin bai fara jiya ba, tun 1961 an buga wani littafin shafa kala na manya a Amurka amma na zolayar ma'aikatan ofis ne masu kwat ruwan toka, ba dan a zauna a shafa da gaske ba. Wannan guguwar da muke gani a Faransa ta fara kaɗawa, a 2012 kamfanin Hachette ya fitar da littafi mai zane 100 da sunan maganin gajiyar ƙwaƙwalwa, mutane suka yi ta saye. Sai a 2013 wata mai zane 'yar Sikotilan, Johanna Basford, ta fitar da nata mai suna Secret Garden, ganyaye da furanni da ƙananan abubuwa ɓoye a ciki, ita an nemi ta yi na yara ne ta ce a'a a bari ta yi na manya. Zuwa 2015 abu ya zama annoba ta alheri, a Amurka kaɗai an sayar da kusan kwafi miliyan 12 na irin waɗannan littattafan a shekarar, alhali a 2014 wajen miliyan 1 ne. Har ta kai a 2016 kamfanin fensir na Faber-Castell da ke Jamus sai da ya ƙara lokutan aiki a masana'antarsa sabida fensirin kala yana ƙarewa a kantuna. Daga baya kasuwar ta yi sanyi, sai zaman gida na korona da bidiyoyin waya suka sake tada ita, wannan karon da zane masu kaurin layi da sauƙin cikawa.

Shin yana aiki? An gwada. A 2005 wasu masu bincike biyu a Amurka, Nancy Curry da Tim Kasser, suka ɗauki ɗalibai 84, suka sa kowa ya tuna wani abu da ya taɓa tsorata shi har hankalinsa ya tashi, sannan aka raba su uku. Wasu aka basu zagayayyen zane mai fasali su cike, wasu zane mai gida-gida, wasu kuma farar takarda kawai aka ce su yi abin da suka ga dama, kowa minti 20. Waɗanda aka ba zane damuwarsu ta sauka sosai, masu farar takarda kuwa kusan suna nan yadda suke. Wannan ya burge ni dan ya nuna inda sirrin yake: layin da aka riga aka ja maka shi ke sauke maka nauyin tunanin me zan zana, zai yi kyau ko ba zai yi ba, kai dai naka zaɓen kala da bin layi. A 2017 kuma a jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan aka gwada da mata sama da 100, aka sa wasunsu suna shafawa kullum mako guda ko da minti 10 ne, aka ga alamun damuwa da ƙuncin rai sun ragu a wurin masu shafawar.

Amma a tsaya nan. Waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ne na ɗan lokaci, akasari kan ɗaliban jami'a masu lafiya. Ƙungiyar masu jinya da zane ta Amurka da kanta ta fito ta ce shafa kala a littafi ba shine jinya ba, jinya sai da ƙwararre a gefenka. Dan haka wanda barci ya ƙaurace masa wata da watanni, ko wadda tun da ta haihu kuka take ba dalili, ko wanda ya ga tashin hankali da idonsa abin na dawo masa, dan Allah a kai shi asibiti, kar a miƙa masa fensir a ce shikenan. Littafin na hutun kai ne bayan wahalar yini, kuma a wannan matsayin yana da amfani ƙwarai.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato littattafan tuna baya. Da masu bugawa suka ga furanni da zagayayyun zane sun ishi mutane, sai suka koma sayar da kewa. Littafi guda kan motocin shekarun 1950, wani kan kicin ɗin kaka, wani kan kaset da talabijin mai ƙatuwar ƙeya da wasannin yaran 1990, wani kan ƙauye lulluɓe da ƙanƙara daren Kirsimeti. Kuma ba wauta suka yi ba. A da can likitocin Turai cuta suka ɗauki kewar gida, a 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya yi rubutu a kanta a matsayin ciwo, ciwon da aka fi dangantawa da sojojin Suwizalan masu yaƙi nesa da gida. Amma binciken baya-bayan nan, musamman na Constantine Sedikides da Tim Wildschut a jami'ar Southampton ta Ingila, ya nuna tuna baya yakan rage wa mutum jin kaɗaici, ya ji shi ɗan wasu ne, rayuwarsa ta taso daga wani wuri. Sannan masana ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da dattijo ya fi tunawa tar shine abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Kaga kenan in ka haɗa nutsuwar hannu da daɗin tunawa a shafi ɗaya ka samu kaya mai tafiya.

Matsalar ita ce baya ta wa ake tunawa? Wanda aka haifa a Marwa a 1975, me ya haɗa shi da gidan katako cikin ƙanƙara ko shagon askirim na Amurka? Zai iya shafawa ya ji daɗi, ba laifi, amma daɗin fure ne kawai zai samu, ba daɗin tunawa ba. Dan littafin tuna baya aikinsa daban ne da sauran. Farin wurin da aka bari a cikin zanen tambaya ce ake yi wa ƙwaƙwalwarka. In aka zana maka jeren kwanuka a ɗakin amarya irin na da, langa kan langa har kusa da rufi, ba ka buƙatar kowa ya faɗa maka kalar da za ka sa, hannunka da kansa zai je kan ja da rawaya da shuɗi, har ka tuna wurin da fentin ya ɓantale baƙin ƙarfe ya fito a bakin kwanon da innarka ke zuba maka tuwo. Kana neman kalar kana tono abin da ka manta ka sani. A gidan ƙanƙara kuwa kintace kawai kake, ba abin da zai taso maka.

Kuma wallahi muna da abin zanawa har ya yi yawa. Jirgin ƙasan dare da ke tashi daga Ngaundere zuwa Yawunde, layin da ya iso Ngaundere a 1974, da masu tallar zuma da ayaba suna miƙo kaya ta taga a tashoshin hanya. Tashar jirgin ruwa ta Garwa lokacin da Binuwai ke cika a damina manyan kwale-kwalen kaya su hauro daga Najeriya su kwashi auduga da gyaɗa. Motocin Saviem da kaya a sama sun fi motar tsayi, da Fijo 404 da 504, da mobilet. Ƙetare kogi daga Kuseri zuwa Njamena da kwale-kwale kafin a yi gadar Ngeli, tsofaffinmu ma har yau wasu Fort-Lamy suke cewa duk da an canza sunan tun 1973. Hawan sallah a ƙofar Lamiɗo, dawakai da lifidi da algaita. Dutsen Mindif daga nesa da yamma, tsaunukan Rumsiki, raƙuman dawa na Waza, dogayen ɗakunan laka na Musgum a wajen Pus masu zane-zane a jiki har sama, bangayen Gawi kusa da Njamena da mata ke yi wa ado. Majemar Marwa da jar fata a shanye. Sai ƙananan abubuwan cikin gida waɗanda su suka fi taɓa zuciya: fitilar ƙwai, aci-balbal, dutsen guga na gawayi, keken ɗinki na ƙafa, rediyo mai kaset an ɗaure shi da roba, butar shayi kan mangal, allo da tawada da alƙalamin gamba, ɗan allon lekol da alli, zanin 8 ga Maris na shekara kaza da kowace mace ke tuna kalarsa. Ko ranar 8 ga Yuni 1990 da unguwa guda ta taru gaban talabijin ɗaya ɗan wasan Kamaru Omam-Biyik ya sa wa Ajantina ƙwallo da ka a gasar cin kofin duniya. Ka ba ɗan shekara hamsin wannan shafin ka ga ko zai tambaye ka inda kore da ja da rawaya za su zauna.

Akwai wata gwaggona da idonta ya fara rauni, bata taɓa shiga lekol ba, aka zana mata murhu da tukunyar ƙasa da rumbu da layi mai kauri. Abin da ya fi ba ni mamaki ba shafawar ba ce, surutun ne. Tana shafa rumbun tana faɗin shekarar da fari ya cinye gero, da sunan kishiyar uwarta da ta iya dama fura, labaran da mu jikokin gidan bamu taɓa ji ba. Tun daga nan na daina ganin abin a matsayin na mutum ɗaya shi kaɗai a ɗaki yadda ake nunawa a bidiyo, a wurinmu zai fi kyau a tabarma, tsoho na shafawa yara na tambaya.

Sai dai a yi hattara, ba kowace tunawa ce mai daɗi ba. A yankin Arewa Mai Nisa da bakin tafkin Chadi akwai dubban mutanen da suka bar garuruwansu ba da son ransu ba, wasu suna sansanin Minawao kusa da Mokolo tun 2013, wasu suna raɓe gidajen 'yan uwa. Zanen rumbu da bishiyar tsamiya a ƙofar gida da zai sa wani murmushi, wani kuka zai sa shi dan nasa an ƙone. In za ka ba irin wannan mutumin, bar shi ya zaɓi shafin da kansa, in ya ture ka ƙyale shi.

Wasu kuma za su tambayi hukuncin zanen abu mai rai, tambaya ce mai kyau, malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani a wasu ɓangarorinta, kowa ya koma wa malamin da ya yarda da shi. Abin da zan ce kawai shine ko an cire mutum da dabba gaba ɗaya littafi zai cika ya batse. Duba jerin da na kawo a sama, fiye da rabi gine-gine ne da kayan gida da motoci da bishiyoyi, ga kuma dagi da zayyana da zanen hula da na ƙwarya waɗanda dama asalinsu fasali ne zalla.

Toh mu zo kan kayan aiki, inda mutane suka fi asarar kuɗi. Kowa fensir yake fara tambaya, alhali takarda ce gaba. Nauyin takarda da giram ake auna shi, za ka ga an rubuta a jikin ram. Ta fotokopi da muka saba giram 80 ce, fensir tana ɗauka sama-sama amma in ka danna ko ka maimaita sau uku za ta yi sulɓi ta daina karɓa, in kuwa ka sa mata maka, wato alƙalamin kala mai tawada, sai ya huda ya ɓata shafin baya. Abin da ya dace shine daga giram 120 zuwa sama, 160 ta fi, kuma wannan takardar Canson da malaman zane ke sa 'yan kolej su sayo, mai ganye 12 a jaka, giram 180 ko 224, ita ce daidai dan tana da ɗan kaushi, kaushin ne ke kankare kalar daga bakin fensir ya riƙe. Takardar Biristol mai santsi kuma ta fi dacewa da maka. In littafi za ka saya duba abu biyu: zanen a fuska ɗaya yake ko gaba da baya, sannan ɗaga shafi ɗaya ka kalli haske ta cikinsa, in kana hango yatsunka toh siririya ce. Kuma ka buɗe ka duba zanen da kyau, dan yanzu kasuwar intanet ta cika da littattafan da na'ura ta zana cikin dare ɗaya, hannu mai yatsa shida, layi ya taho ya ɓace a hanya, keke mai ƙafa uku. Irin wannan ba ya shafuwa, haushi kawai zai baka.

Fensirin kala, kireyo kenan a bakin 'yan lekol, cikinsa garin launi ne da farar ƙasa da abin da ke haɗe su, ko kaki ko mai. Mai kaki irin Prismacolor laushi gare shi, kala na fita da kauri nan da nan kuma yana haɗuwa da ɗan uwansa da kyau, amma yana saurin karyewa da saurin ƙarewa, kuma bayan kwanaki wani fari-fari kan taso a kan wurin da aka danna da yawa, sai an goge da ƙyalle mai laushi. Mai mai irin Polychromos na Faber-Castell ya fi tauri, bakinsa na daɗewa da tsini, yana son a bi shi hawa-hawa. Waɗannan biyun na masu hali ne, kuma gaskiya mai farawa baya buƙatarsu. Maped da Bic da Staedtler da ƙaramin Faber-Castell na 'yan makaranta da ake samu lokacin komawa lekol sun isa. Abin gudu shine waɗannan marasa suna da ake zubawa a faranti, araha bata ado, garin launin cikinsu kaɗan ne sai ka danna har yatsa ya yi ciwo kalar na nan fayau, ga jabu da ke yawo da sunan manyan kamfanoni. Kafin ka biya kalli gindin fensirin, in bakin kalar ba a tsakiyar itacen yake ba kar ka ɗauka, duk fiƙewa sai ya karye. Kuma fensirin kala in ya faɗi kan siminti yakan karye ta ciki ba ka gani, dan haka a nisanta shi da hannun ƙananan yara, a saya musu nasu.

Kwali mai 12 ko mai 24 ko mai 72? Ni a ganina 24 ya wadatar, amma ga wani abu da masu bidiyo na waje ba za su faɗa maka ba. Duniyar da muke son tunawa ruwan ƙasa ce. Katanga, tukunya, hanya, ruwan Binuwai a watan Agusta, kilishi, sirdi, fatar jikinmu kanta, sai kuma shuɗin baba mai duhu na rini. Kwali mai 12 yawanci ruwan ƙasa ɗaya ne tak a ciki, shi zai fara ƙarewa ruwan hoda na nan ko fiƙewa ba a yi ba. Dan haka in ka samu inda ake sayar da ɗaiɗai ƙaro ruwan ƙasa mai haske da mai duhu da mai ja-ja. In babu sai ka koyi haɗawa, kuma haɗawar ma ta fi kyau: fara da rawaya sama-sama, bi da ruwan goro, sannan ruwan ƙasa, inda inuwa take ka ɗan taɓa shuɗi ko shunayya maimakon baƙi. Kullum daga mai haske zuwa mai duhu, hannu sakwa-sakwa, dan kala mai duhu in ta zauna gom baya fitar da ita. Kamfanin Crayola ya fitar da kwali na launin fatar mutane kala 24 a 2020, in wani zai taho daga waje yana da kyau a saƙa masa.

Maka iri biyu ne. Mai ruwa, wanda yara ke zuwa da shi lekol, yana barin sawu layi-layi kuma in ka maimaita wuri ɗaya takarda ta jiƙe ta fara tashi. Mai alkol shi ne wanda kuke gani a bidiyo kala na kwanciya sumul, amma yana huda kusan kowace takarda, dole littafi mai fuska ɗaya da kwali a ƙarƙashin shafin, ga wari, kar a yi a ɗaki rufe. Ga siraran wurare kuma Stabilo mai bakin 0.4 ko ma bik mai kala huɗu yana aiki.

Sannan yanayinmu, wanda duk masu yin kayan nan basu yi lissafi da shi ba. Kalar nan mai kama da kyandir ta yara, Crayola da kansu sun ce tana fara laushi a wajen digiri 40, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu a Garwa ko Kuseri ko Njamena 40 ai abin yau da kullum ne, balle a cikin but ɗin moto ko ɗakin kwano da rana tsaka. Fensir mai kaki ma yakan yi taushi ya dinga danƙarewa. Lokacin hunturu kuma iska ta bushe ƙamas, maka in ka bar shi buɗe ka je ka amsa sallama kafin ka dawo ya fara mutuwa, mai alkol ya fi saurin tafiya. Shi yasa ni nake ganin a ƙasarmu fensir mai ɗan tauri ya fi komai rufin asiri, baya bushewa baya narkewa, shekara biyar yana nan. Mai son maka ya saya kaɗan, ya rufe da zarar ya ɗaga hannu, ya ajiye su a kwance cikin gwangwani ko roba mai murfi a wuri mafi sanyi a ɗakin. Ƙurar hunturu na shiga kaushin takarda ta dusashe farin, littafi ya kwana cikin leda. Da zafi kuma gumin gefen hannu na jan kala ya ɓata shafi, sa 'yar takarda ƙarƙashin hannunka. Haske ma abin lura ne, fitilar sola mai farin haske shuɗi-shuɗi tana ɓoye bambancin rawaya da ruwan goro, abin da ka shafa da dare da safe sai ka ga wani abu daban, ga wahalar da ido. Hantsi ko bayan la'asar a inuwa ya fi.

Kuɗi fa? Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, kenan littafin yuro 10 ya haura jaka shida da rabi tun kafin kuɗin kawowa, a ƙarshe kuma ka samu ƙanƙara da motocin Amurka. Da wannan kuɗin gara a yi namu, kuma ba wuya. A kowane gari akwai yaran da suka iya zane, masu rubuta allon shago, masu zana wa teloli fasalin aiki, masu lalle waɗanda hannunsu ya fi na kowa sanin siririn layi, ga ɗaliban zane na jami'ar Marwa. A tono tsofaffin hotunan situdiyo da ke cikin akwatin Hajiya, a ba mai zane ya fitar da layin kawai da baƙin alƙalami kan farar takarda A4, ba inuwa ba cikawa. Sharaɗi ɗaya ne mai muhimmanci, kowane layi ya rufe, wato kowane gida na zanen ya zama da iyaka, in ba haka ba mai shafawa bai san inda zai tsaya ba. Na dattijai a yi layi mai kauri da manyan gidaje, abu ɗaya ko biyu a shafi, na matasa masu kaifin ido a cika shi da ƙananan abubuwa yadda suke so.

Wajen bugawa a je shagon fotokopi mai injin garin tona, kar a yi da firinta mai tawadar ruwa, dan ita da maka mai ruwa ya taɓa layin sai baƙin ya narke ya shiga cikin kalar, shi kuwa tona da zafi ake manna shi, ruwa baya motsa shi. Ka je da takardarka mai giram 160 ka tambayi mai shagon ko injinsa na ɗauka, yawanci ta ƙofar gefe ake sa ta ɗaya-ɗaya, a buga fuska ɗaya kawai, a ɗaure da zoben roba irin na takardun ɗalibai dan littafin ya kwanta shimfiɗe. Kuma dan girman Allah a biya mai zanen haƙƙinsa, a rubuta sunansa a ƙasan kowane shafi, in za a ƙara buga wasu kwafin a sayar a koma a yi magana da shi tukuna, dan fotokopi abu ne mai sauƙi kuma zane 30 aikin makonni ne a wurinsa.